Kawu Ilya da Ƙarfen da Ya Gaji

Duk wanda ya taɓa zama da Kawu Ilya a Madarumfa ya san ba a rabuwa da shi sai ya karya waya. Kullum akwai guntuwarta a aljihunsa. Kana cikin gaishe shi zai zaro, ya lanƙwasa nan, ya mayar can, har ta yi zafi ta tsinke. Sai ya miƙo maka rabi ya ce, "Ka gani? Ba ƙarhina ba ne. Ƙarhe ma shina gajiya."

Yayan mahaifiyata ne. Ya yi shekaru yana aikin injiniya a hanyar jirgin ƙasa can wajen Abijan, sannan ya dawo gida farkon shekarun casa'in da wani tsohon odinatar, wato kwamfuta, a amalanken jaki, shi kuma yana biye a ƙasa riƙe da lema don kada rana ta taɓa shi. Odinatar ɗin nake nufi, ba Kawu ba.

Aikinsa da na'urar nan ya fi ƙarfin kanmu. Yakan tada ɗan gurup ɗinsa na lantarki, ya zuba mata nauyin jirgi da zafin rana da yawan wucewar taragu, ita kuma ta zana masa wurin da tsaga za ta fara a jikin dogo da lokacin da za ta cinye shi. Na taɓa tsayawa a bayansa ina kallon wani siririn layi yana rarrafe a gilashin na'urar. Mutum zaune a ɗakin ƙasa yana kallon abin da bai faru ba tukuna.

Matarsa, Inna Rabi, ba ta ga abin mamaki ba. Ta ce, "Malam, ƙasar da ko taku guda na dogo babu, jirgin wa kake wa lissahi?"

Ya ce, "In ya zo, ya iske mu shirye."

Ta ce, "To, tuwo ma in ya zo ya iske ka."

Sai ga dogo ya zo da ƙafarsa. Alhaji Mati, mai garkar da nake nomawa a bakin tafki, ya sayo guntun ƙarfen dogo daga ƙetaren iyaka. Muka gicciya shi a bakin rijiya, muka ɗaure injin ban-ruwa a tsakiya. Kowace safiya a kansa nake tsugunawa in ja igiyar injin, ƙarƙashina rami ne mai zurfin gaske. Ban taɓa jin ɗar ba, don a wajenmu abin da ya ɗauki jirgi ya fi ƙarfin mutuwa.

Kawu ya zo ya kwanta rub da ciki, farar rigarsa a cikin laka, ya manna kunne a ƙarfen, injin yana karkarwa. Ya shafa wani ramin ƙusa da ke tsakiya, ya auna, ya tafi. Bayan 'yan kwanaki ya dawo.

"Alhaji, ƙarhen ga ba ya ganin babbar salla."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta goce. "Ilya, wanda ya goyi jirgi shi za ya kasa ɗan injina?"

"Don ya goyi jirgin ne aka yada shi. Tsoho ka sawo, Alhaji, ka sa shi rawa."

Salla ta zo ta wuce, ƙarfe ko gezau. Gari ya samu abin yi. Duk inda Kawu ya gitta sai a tambaye shi, "Injiniya, ya gajiyar ƙarhe?" Shi kuwa ya amsa, "Da sauƙi, shina gaishe ku." Da na ce masa ko odinatar ɗin ya yi kuskure, sai ya harare ni. "Bai yi ƙarya ba. Sauri ya yi."

Bai sake roƙon Alhaji ba. Kawu, mutumin da ke wanke asawaki ya ajiye na gobe, shi ne ya sayi gungumen kirya, ya sa aka gicciya shi ƙarƙashin ƙarfen, ya hana kowa taɓawa. Aka raɗa wa gungumen suna sandar tsoho.

Kawu ya rasu da damina. Da aka shiga aikin rani, wata safiya na tsuguna na ja igiya, injin ya kama. Sai na ji ƙara kamar an fasa faranti. Ƙarfen ya rabu biyu daidai ramin da ya shafa, ni da injin muka faɗa a kan kirya. Na rungume ta ina kallon fuskata can ƙasa cikin ruwa.

Alhaji ya zo ya daɗe yana duban bakin karayar. Rabinsa ya yi baƙi da tsatsa, alamar tsagar ta jima tana tafiya a ɓoye. Ya cire hula.

Har yau rabin wata waya da Kawu ya miƙo mini tana aljihuna. Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yafe maka, Ya hutar da kai gajiyarka. Yadda ka tare ni a bakin rami, Allah Ya tare ka da rahamarSa.