Turmin Ya Aisa Mai Hula

A Yerwa aka haifi Ya Aisa, aure ya kai ta unguwar Moduganari, sana'arta haɗa turaren wuta. Mace ce mai baki. In ana biki ita ce ke magana a madadin dangin amarya, kuma ba a taɓa jin dangin ango sun tashi da nasara ba.

Shekarun da bam ya addabi gari, kwamitin unguwa ya toshe bakin layinsu da buhunan yashi. Maza ne suka yanke shawarar a ƙofar Bulama, mai unguwa. Babu wanda ya tuna da Saleh, maƙwabcin Aisa mai ciwon ƙoda da ke zaryar asibiti. Keke napep ya daina shigowa, sai matarsa Hussainatu ta riƙa turo shi a baro har shingen, ta goya shi ta tsallakar. Shi kuwa ya rufe fuska da rawani saboda kunya. Daga baya ya ce ya haƙura da asibitin.

Abin ya ƙona wa Aisa rai. Ta je gaban kwamitin ta yi magana, aka yi dariya aka ce, "Ya Aisa ke nan!" Sun saba da bakinta har ya daina yi musu nauyi. Nan ta gane Hussainatu da abin ya dama ce ya kamata ta faɗa da bakinta.

To, Hussainatu irin matan nan ce da aka rena da durƙuso da sunkuyar da kai. In ta ga babban mutum, muryarta sai ta maƙale. Aisa ta kife turmi a tsakar gida, ta ɗora masa hular marigayi mijinta, ta kira Hussainatu.

"Ga Bulama nan. Gaya masa."

Matan layin suka kwashe da dariya, amma kullum da la'asar sai sun hallara. Aisa tana gyara wa Hussainatu: "Gaisuwa ɗaya ta isa, ƙanwata. Ke kina ta 'Allah ya ja zamaninka' har a shafa fatiha ba ki ce komai ba. Faɗi abin da ya faru, faɗi abin da kike so, ki yi shiru. In ido ya gagare ki, kalli hular."

Ranar taro Hussainatu ta miƙe. Ta kafa wa hular Bulama ido.

"Ranka ya daɗe, a bayana nake tsallakar da mijina. Yanzu ya ce gara ya mutu a ɗaki. A sa mana ƙarfen da ake ɗagawa a bakin layi, keke ya riƙa shigowa."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Aka sa ƙarfen, aka kuma ba matan layin kujera a kwamitin.

Ran da keke ya tsaya a ƙofar gidansu, Aisa tana leƙe daga zaure. Saleh ya fito dafe da kafaɗar matarsa, fuskarsa a buɗe, yana amsa gaisuwar mutane.