Allon da Inna Ta Wanke

Babban farin nan da ya cinye dabbobi bai bar mini ko saniya ɗaya ba. Na baro daji na shigo Gure da iyalina, lokacin sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba. Allah ya ba ni aikin gadi da wankin mota a biron dabbobi, wato ofishin kula da lafiyar dabbobi. Mota ɗaya ce, ta masu allurar shanu, direbanta kuwa tsoho ne da ya kusa ajiye aiki. Shi ya koya mini tuƙi a kan rairayi. Shugaban biro ya ce in na samo farmi, wato takardar tuƙi, kafin tsohon ya sauka, to motar ta zama tawa. In ban samo ba, za a aiko wani daga Damagaram.

Tuƙi bai ba ni tsoro ba. Dokokin hanya su ne suka tsaya mini a wuya, domin littafinsu da Faransanci yake, ni kuwa ajami na sani. Sai tsohon ya riƙa karantawa yana juya mini da Hausa, ni ina rubutawa a allo. Takarda akwai, amma kaina bai saba da ita ba. Tun ina yaro, abin da bai hau allo ba ba ya zama a kaina, kuma ba a wanke allo sai an haddace abin da ke ciki. Na sa aka sassaƙa mini sabon allo dabam, don kada in haɗa zancen mota da maganar Allah.

A wannan lokacin mai ɗakina ta tafi Gidigir gidan iyayenta haihuwa. Ta bar mini yara uku da mahaifiyata, wadda idonta ya fara yin rauni. Ga kuma 'yar gonar albasa a kwari, wadda in ta kwana biyu ba ruwa sai dai a yi mata ta'aziyya. Daga masallaci sai kwari, daga kwari sai biro, daga biro sai rijiya da neman itace. In na samu na zauna da allo bayan la'asar, kafin in kai ƙarshen layi wani ya fasa wa wani baki, ko akuya ta tsinke igiya, ko Inna ta ɓatar da carbinta alhali yana wuyanta. Na kan ce a raina, ya Allah, ni ba dukiya na roƙa ba, shiru kawai nake so gwargwadon shan fura.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne, duk alamomin da nake haddacewa babu ko ɗaya a Gure. Wa ya taɓa ganin jar fitila a hanyar Alakos? Dokarmu ɗaya ce: wanda ya kafe a rairayi, kowa ya sauko a tura.

Ana saura 'yan kwanaki in tafi Damagaram jarrabawa, tsohon ya ba ni darasi na ƙarshe, wanda ya fi kowanne wuya: in motoci sun haɗu a mararraba, wa zai fara wucewa. Na cika allon ciki da baya. Ya ce, "Malam ƙarami, riƙe wannan da kyau, nan suke kayar da mutane. Gobe za mu shiga daji allura da littafina, ba za ka gan ni ba sai ka dawo." Na jingina allon a bangon ɗaki don tawada ta bushe.

Washegari na baro autata da ɗan zazzaɓi na tafi kwari. Da na dawo, sai na tarar da allona a rana, fari fat, yana ɗigar ruwa. Inna na zaune da yarinyar a cinya, ga ƙoƙo a gefe da sauran baƙin ruwa.

Na ce, "Inna, me ya sami allon nan?"

Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai wannan, 'yarka na ƙuna kamar garwashi, rubutu na jingine a bango, sai in zuba masa ido? Na wanke na ba ta. Har na shafa mata a ka."

"Inna, ba ayoyi ba ne! Zancen mota ne!"

"Oho. Ni dai baƙi na gani irin na malamai. Allah bai san abin da na nufa ba?"

Uwa ce. Na yi salati, na fita bayan gida na tsaya ina kallon akuya, ita ma tana kallona. Sannan na dawo na saɓi yarinyar na kai ta likita, aka ba ta ƙwayoyin zazzaɓi. Kwana biyu ta miƙe tana wasa.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Na riga na fara tattaro abin da na tuna, ina maida shi allo guntu-guntu. Amma Inna ta ba maƙwabta labari cewa rubutun ɗanta sau ɗaya ake sha a warke. Ƙwayoyin likita kuwa ba ta ambace su ba. Sai ga mata suna sallama, wannan da goyo mai tari, waccan da mai gudawa. Na gaya musu gaskiya, na ce abin da yarinyar ta sha dokar hanya ce. Wata tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Haka malaman kirki suke, ɓoye kansu suke yi. To Malam, mu ma a ba mu ta hanyar."

Ya zan yi? Ba a korar mai ɗauke da marar lafiya. Na ɗauko allona na gaskiya, na yi alwala, na rubuta musu abin da ya sawwaƙa na addu'a, kowace kuma na ce ta wuce likita. La'asar ɗin da nake tattali duk ta tafi a haka. Ina rubutu zuciyata na tafasa, ina istigfari saboda tafasar, tana sake tafasa.

A Damagaram tuƙi ya yi kyau. Da aka zo tambayoyi, mushen da ke jarrabawa, wato jami'in gwamnati, ya nuna alamomi, tafinta na juyawa, ina amsawa kamar mai biya karatu. Sai ya jera 'yan katakai uku a tebur, ya ce motoci ne a mararraba, wacce za ta fara wucewa? Na ga allona a idona, fari fat. Na san akwai zancen hannun dama, amma dama ta wa? Na nuna ɗaya. Ya sake jerawa, na nuna wata. Ya girgiza kai. Tafinta ya ce, "Malam, ka kashe mutane sau biyu. Sai wani zagaye."

Kafin wani zagayen, tsohon ya sauka, aka aiko direba daga Damagaram. Na ci gaba da wanke masa mota. Farmi na same shi daga baya, amma wancan gurbin ya wuce.

Ranar da na dawo gida, autata ce ta fara tarye ni da gudu, ta riƙe mini ƙafa. Inna na bakin ƙofa ta ce, "Yaya hanya?"

Na ce, "Ban ci ba, Inna. Abin da aka tambaye ni yana cikin wannan." Na nuna yarinyar.

Ta laluba kan jikarta, ta shafa, ta ce, "To ai bai ɓata ba. Yana gida."