Hoto Ɗaya Cikin Talatin

Jama'a, ni ba mai yawan magana ba ne, waɗanda muka zauna aji ɗaya da su za su shaida, kuma abin nan ban taɓa iya faɗa wa kowa da baki ba, shi ya sa na zaɓi in rubuta. Na rantse da Wanda raina ke hannunSa, a kaina ya faru, ba ji na yi ba.

Shekarun baya ina karatu a garin Sabha, can tsallaken hamada, ranakun da ba darasi nakan zauna a wani ɗan shagon gyaran waya a unguwar Mahdiya, inda mai shagon ya bar mini kusurwa da tsohuwar kwamfuta. Aikina bidiyo ne: a kawo mai nauyi in rage shi, a kawo mai sarƙewa in daidaita shi. Ina da halin da nake alfahari da shi a lokacin, ba na barin aikin gwaji a kwamfuta. Da zarar na samu mai kyau, sauran duk sai in goge su, in zubar da kwandon shara. Ku riƙe wannan.

Wata rana bayan azahar, lokacin yankan dabino, wani mutum ya shigo, dogo, fuskarsa duk rana ta cinye. Sunansa Idi, mutumin wajen Tawa ne, yana aiki a wata gonar dabino a Zighan. Ya dube ni ya ce, "Kai ne ɗan lakkwal ɗin da aka ce yana yi wa bidiyo tausa?"

Ɗan lakkwal a bakinsu ɗan makaranta ke nan. Na ce, "Ni ne, Yaya."

"To ga mara lahiya na kawo maka. Tahiya ukku sai ya tsaya ya huta, kamar jakin tsohuwa."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Da ya zauna sai labarin ya fito. Ƙanensa Hamidu shi ne mai hawan dabino a gonar. Ɗan mai gonar yana da irin ƙaramar kyamarar nan da ake ɗaurawa a goshi, ya ɗaura wa Hamidu don ya ga yadda ake yanka daga sama. Washegari, ba kyamara, igiya ta tsinke da Hamidu a wata bishiyar, bai kai asibiti ba. Wayarsa tun a hanyar tahowarsa daga gida aka ƙwace, shi kuma ba mai son hoto ba ne, don haka a duk duniya bidiyon nan kaɗai ya rage. Idi yana so ya aika wa mahaifiyarsu, a ƙaramar wayar ƙanwarsu za ta kalla.

Ya ce, "Ranar da zai taho, Inna na bakin ƙofa tana cewa Hamidu tsaya, Hamidu tsaya, shi ko ya san in ya tsaya ba ta barin shi, sai ya ɗaga kai ya wuce. Abin nan ya fi mutuwar cin ta. Ka gyara mata shi ya tahi sumul, ɗan lakkwal, ta gan shi da kyau."

Ban gaya masa ba, amma matsalar na gan ta tun kafin in kunna: kyamarar goshi abin da mutum yake gani take ɗauka, shi kansa ba ya fitowa. Minti huɗu ne, ba komai sai hannuwa biyu suna kama kututture, hannun rigar kore ya yage, babban yatsan hagu an naɗe shi da tsumma saboda ƙayar dabino, sai numfashi, sai wata 'yar waƙa da yake yi a maƙoshi. In ya leƙa ƙasa sai ka hango Idi shi kaɗai kusa da tamfol yana jiran nonnan dabino da ake sauke masa da igiya.

Sarƙewar dai abu ne sananne. Kyamarar tana ɗaukar hoto sittin cikin kowace daƙiƙa, manya-manya, ƙaramar waya ba ta iya haɗiye su sai ta riƙa shaƙewa. Wajen fitarwa sai ka mayar da su talatin, domin talatin rabin sittin ne cif, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. In ka zaɓi ashirin da biyar, rabon ba ya tashi daidai, tafiyar sai ta riƙa ɗingishi. Ka tsayar da adadin wuri ɗaya kada ya riƙa hawa da sauka, ka rage girman hoton, ka rage nauyi amma ba can ƙasa ba, don ganyen dabino in iska na kaɗa shi sai ya dagule ya zama kamar kunu. Na ce masa ya dawo gobe da la'asar.

Washegari da hantsi na fitar. Komai ya tafi kamar ruwa, sai a minti biyu da daƙiƙa goma sha ɗaya, daidai inda Hamidu ya leƙa ƙasa, bidiyon ya tsaya cak na ƙiftawar ido, sannan ya ci gaba. Na ce laifin nauyi ne, na rage. Ya tsaya. Na bar shi a sittin ɗinsa. Ya tsaya. Na sauya girman, na sauya nau'in fayil, na kai shi kwamfutar mai shagon, sau shida, wallahi a wuri ɗaya yake tsayawa, alhali na asalin a kwamfuta yana wuce wajen ko gezau.

Sai na bi shi hoto bayan hoto, ina danna maɓalli ɗaya-ɗaya. Idi da tamfol. Idi da tamfol. Na sake dannawa, sai ga mutum tsaye a gefen Idi, a gindin bishiyar, ya ɗago kai yana duban sama. Riga kore, hannunta a yage. Ya ɗaga hannun hagu kamar mai sallama, babban yatsan a naɗe da tsumma. Fuskar Idi ce sak, sai dai da ƙuruciya, ga 'yar wushirya. A gefen hoton kuma, sama, hannun nan dai mai tsumma yana riƙe da reshe. Na danna gaba: Idi shi kaɗai.

Rana tsaka ce fa, jama'a, motoci na wucewa, mai shagon yana faɗa da wani a kan batir, amma ni idona na kan hoton nan. Na koma na asalin na bi wajen sau uku, babu kowa. Na ƙirga hotunan wannan daƙiƙar a wanda na fitar: talatin da ɗaya.

Nan ne na yi abin da har yau nake jin ɗacinsa. Na yi tunanin yadda zan buɗe baki in ce wa mutumin da ya binne ƙanensa sati biyu da suka wuce, zo ka ga mamacinka a ƙasa alhali yana sama. Zai ce na haɗa ne, ina wasa da mutuwarsu, ko ya ce karatu ya taɓa ni. Na lallashi kaina cewa kuskuren na'ura ne. Kuma gaskiyar da ban so faɗa ba, tsayawar nan tana ɓata mini aiki, an ce sumul, ni kuma na saba a yaba mini. Na ɗauki wanda na fitar, na yanke hoton nan guda, na sake fitarwa. Ya wuce kamar an shafa masa mai. Sai hannuna ya yi abin da ya saba, na goge shidan nan, na zubar da kwandon.

Idi ya kalla da la'asar, ya ce, "Lalle jaki ya warke. Allah shi yi albarka." Na amsa da amin ina duban ƙasa.

Bayan kwana takwas ya dawo, wai ya zo unguwar Jadid sayen igiya ya ga bai kamata ya wuce ba. Ya ce Inna ta aiko da saƙo, har da ni a ciki, ya kunna. Muryar tsohuwa ce, a hankali, ba kuka. Ta yi wa mai gyara addu'a. Ta ce ta gane hannuwan, ta gane waƙar, tun yana ƙarami yake yin ta in yana tsoro. Daga ƙarshe ta ce, "Na kalla har idona ya yi zafi, Idi, ina cewa ko zai ɗan tsaya in ga huskarshi. Ashe nan ma bai tsaya ba."

Idi ya mayar da wayar aljihu ya ce, "Ka ji tsohuwa. Bidiyo ma sai ta yi mishi hwaɗa." Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne, "Allah ya ba ta haƙuri."

Na asalin yana nan wurina. Ranar na sake fitarwa da saitin farko, ba abin da na canza ko ɗaya. Ya wuce sumul. Na gwada sauran biyar ɗin, na gwada na banza da gangan, ashirin da biyar, ashirin da huɗu, ya yi ɗingishi ko'ina amma ban da wajen nan. Na sa masu dawo da abin da aka goge sun bincika kwamfutar, ba su samu komai ba. Idi ya bar Zighan da yanka ya ƙare, lambarsa ta daina shiga. Har yau duk shekara in dabino ya nuna nakan fitar sau ɗaya, in ƙirga: talatin.

Ban san abin da na gani ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar fassara ba. Shawarata kaɗai ga masu wannan aiki: ku raba sittin gida biyu, ku tsayar da adadi, ku rage nauyi, duk daidai ne. Amma in kun yi komai daidai bidiyo ya nace sai ya tsaya a wuri ɗaya, kada ku yi saurin yankewa. Ku kira mai shi ya zo ya zauna, ku duba tare.