Kwalaben Baba a bisa katanga

Jama'a, yau na ga inda kwalaben Baba suka ƙare.

Na taso daga Guéné in ɗauki tsofaffin kwalaben maganin da marigayin ya bar mini. Kun san shi, gindin kwalba yake shafawa da yatsa, ya ce wannan ta kinin ce, tun zamanin Faransa.

Na ishe kwandon da yake ajiye su a gida wayam! Na ce, "Yaya Isufu, ina suke?"

Ya nuna mini sabuwar katangar gidanmu. Innalillahi! An farfasa su, an kakkafa bisa saboda ɓarayi.

Ya ce, "Yau dai sun yi amfani."

Na hango guntun shuɗiyar da Baba ya fi so, na miƙa hannu.

Ya ce, "Ke Hadiza, bari! Simintin bai bushe ba."