Ranar Da Aka Sa Ni Yanka Alade Don In Nuna Na Tuba

Edita, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni yanzu tsoho ne, jikokina ma sun fara fina tsawo, amma abin da zan ba ka labari ya same ni ne ina saurayi a Tamale, a shekarar yunwar nan ta farkon shekarun tamanin. Ba zan kama sunan kowa ba, don yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu kuma ba su yi mini komai ba. Sai dai in faɗa maka tun daga farko, ban rubuto don in yi wa kowa daɗin baki ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ni ɗan mahauci ne, haifaffen zango, unguwar baƙi Musulmi. Kakana ya zo da fataken goro ya zauna, mahaifina kuma a fawa ya tashi, a fawa ya tsufa. Yana da tebur a kasuwa wanda kowa ya sani, matan zango da Dagomba har da matan ma'aikata daga unguwar Kalpohin duk wurinsa suke zuwa, domin ba ya cusa wa mutum ƙashi a ƙarƙashin tsoka. Ni ne ɗansa namiji da ya gaji hannun. Na iya fiɗa tun ban kai tsawon teburin ba, amma ban gaji halinsa ba. Ina da zafin rai, ina kurɓar giyar pito a ɓoye, ina caca, kuma in dare ya yi ba na samun barci don na san abin da nake.

Akwai wani tsohon soja, mutumin can arewa wajen iyaka, da yake zuwa sayen ƙashin miya. Hausarsa ta bariki ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, mu yaran mahauta har kwaikwayonsa muke yi. Shi ne mutum na farko da ya gaya mini cewa ceto kyauta ne, Yesu Almasihu ya riga ya biya, abin da ya rage mutum ya miƙa hannu ya karɓa. Bai taɓa zagin addinin gidanmu ba, bai kuma taɓa jan rigata ba. Ni na riƙa bin sa gida da tambayoyi, har ranar da na durƙusa a ɗakinsa na ba da gaskiya. Wannan kam ban taɓa nadamarsa ba, kuma ina so a fahimci haka kafin a ji sauran.

Da labari ya fito, kasuwa ta ɗauka. Mahauta suka ce ba za su haɗa rumfa da ni ba, don a wurinmu yankan wanda ya bar addini ba ya ciyuwa, kuma da gaskiyarsu, kowa da abin da ya riƙe. Na shirya a kore ni daga gida. Bayan kwanaki, wata safiya mahaifina ya sa babbar rigarsa ya tafi wurin sarkin fawa. A gaban manyan mahauta ya ce ɗansa ya ɓata masa rai fiye da yadda baki zai faɗa, amma ɗansa ne. Ya ɗauki alkawari cewa ba zan ƙara sa wuƙa a wuyan dabba ba, wani zai yanka, ni fiɗa da sara da sayarwa kawai zan yi, kuma hannuna da wuƙaƙena ba za su taɓa abin da bai halatta ba. Ya ce in na saɓa, shi za a kama. Aka yarda saboda girmansa. Haka na ci gaba da tsayawa kusa da shi a teburi, yana zuwa masallaci ina tsare masa nama, ranar Lahadi ni ma ya sake ni in tafi coci ba tare da ya dube ni ba.

Ka ga dai abin da nake da shi a hannu. Ban san wani sabon tuba a garin nan da ya samu irin wannan ba, uba Musulmi ya jingina sunansa don ɗansa Kirista ya ci abinci.

Cocinmu ƙarami ne, a unguwar Lamashegu, ginin laka da rufin kwano. Ba mu da fasto na dindindin, sai wani dattijon ikilisiya, ma'aikacin gwamnati, mai farin keke da takalmi kullum a goge. Shi ke wa'azi, shi ke raba aiki. Tun ranar da na shiga bai yarda da ni ba. A lokacin kuwa ana kawo wa coci-coci jar masara ta agaji, sai ya riƙa faɗa a kan bagade, yana kallon sashen da nake zaune, cewa akwai waɗanda yunwa ce ta yi musu wa'azi. Ni da nake ɗan mahauci, wanda ko a wannan shekara ba a rasa romo a gidanmu ba, ni aka mayar ɗan neman masara. Na nemi a yi mini baftisma, ya ce tukuna. Na nemi a koya mini karatun Maganar Allah, ya ce za a duba. Abin da kawai ake kirana a kai shi ne in tashi gaban baƙi a nuna ni, a ce ga ɗan zango da aka kamo.

Shekarar ta yi tsanani. Ruwa bai zo ba, gobarar daji ta cinye abin da ya tsira, 'yan'uwanmu da aka koro daga Najeriya suka cika gari ba aiki. Shanun Fulani na bayan gari sun rame, wanda aka kawo mahauta sai fata da ƙashi. Ana gab da Kirsimeti wani ɗan coci ya ba da alade guda, don ya rasa abin da zai ciyar da shi, aka ce za a dafa wa jama'a. Tsohon sojan nan kuwa ya tafi ƙauyensu jana'izar ɗan'uwansa, ba wanda zan yi shawara da shi.

Bayan sujada dattijon ya tsayar da ni a gaban mutane, ya ce tun da Allah ya ba mu mahauci, ni zan yanka aladen in gyara. Na ce masa a hankali, Baba, akwai alkawari tsakanina da mahaifina, na kuma bayyana masa yadda abin yake. A cocin akwai maza da yawa da suka tashi da kiwon alade, sun fi ni sanin yadda ake yi, ɗayansu ma ya ce shi zai yi. Dattijon ya ɗaga masa hannu. Ya ce ai nan ne za a gane wanda ya tuba da wanda ya raba ƙafa, cewa mai tsoron ubansa fiye da Almasihu bai isa a yi masa baftisma ba, kuma muddin ina ƙyamar abin da Allah ya tsarkake to har yanzu tsohon addinina yana cikin jinina. Ya jawo ayoyi ya jera mini. Ni ban iya karatun ba, ban san farkonsu ba balle ƙarshensu. Abin da na ji kawai shi ne cetona yana rataye a wuyan wannan dabba.

Na je na ɗauko wuƙaƙena, waɗanda kullum suke kwana a teburin mahaifina. Na roƙi a yi abin a bayan gini, dattijon ya ce ba a ɓoye shaida, a fili za a yi. Filin cocin kuwa a bakin hanya yake, hanyar da matan Fulani masu tallan nono suke bi zuwa kasuwa. Na yanka, na yi babbaka, na sassara, ana ta waƙa ana tafa mini. Matan nono suka tsaya da ƙoransu a ka suna kallo, cikinsu har da waɗanda suka san ni tun ina yaro. Ba su yi wani laifi ba, abin da suka gani suka faɗa. Kafin in wanke hannu labari ya riga ni isa kasuwa.

Sai ga abin da har yau yake ci mini rai. Da aka dafa aka fara rabo, na ga an kai wa dattijon kwano daban, da kifi busasshe. Na tambayi matar da ke rabon, ta ce ai shi ba ya cin alade, a danginsu ba a ci, tun kakanni abin ƙi ne a gidansu. Mutumin da ya ce ƙyamar naman nan alamar rashin tuba ce, shi kansa bai taɓa sa shi a baki ba, kuma ba wanda ya taɓa hana shi baftisma a kan haka. Ya zauna a inuwa yana cin kifinsa yana yaba hannuna.

Washegari sarkin fawa ya tara mahauta. Ba a yi hayaniya ba. Aka ce teburin da wuƙaƙen nan suka saba kwana a kai ba wanda zai ƙara yarda da shi, don ba a san tun yaushe nake wannan aiki ba. Mahaifina bai yi musu ba. Da hannunsa ya fitar da teburin da kututturen sara ya sa aka ƙone, a shekarar da ko icen girki wahala yake. Ya samu wani teburin daga baya, amma mata suka riƙa wucewa gaba, wasu har suna kauda kai don kunyarsa. Mutumin da ya yi shekaru ana layi a gabansa ya koma yana korar ƙuda a kan naman da ba mai saya, daga baya ya daina fita gaba ɗaya.

A ranar da aka ƙone teburin ya kira ni zaure. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko addinin nan nawa ne ya umarce ni in yi haka. Ni kuwa abin da aka koya mini ke nan, na sunkuyar da kai na ce masa i, Baba. Ya jinjina kai ya ce to ya ji, in haka ne ba shi da abin cewa, in nemi wurin zama.

Da tsohon sojan ya dawo ya ji, na ga ɓacin ran da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya tafi har gidan dattijon a Kalpohin ya faɗa masa abin da ya faɗa, aka ce mini maƙwabta sun ji. Amsar dattijon ita ce tsanani rabon mai bi ne, ya kamata ma in gode. Daga nan sojan ya ɗauke ni ɗakinsa, ya zaunar da ni kullum da yamma yana koya mini karatu da yatsa a kan layi. A nan na gani da idona cewa abinci ba ya kai mutum kusa da Allah, ba ya kuma nisanta shi. Na ga an gargaɗi mai bi kada ya sa wani tuntuɓe saboda abin da ke cikin kwanonsa. Na ga umarnin girmama uba da uwa yana nan daram, ba a soke shi don mutum ya tuba ba. Ashe ayoyin da aka jera mini an yanke musu kai da ƙafa ne. Na yi kuka a ɗakin nan, kukan haushi, don da an ba ni wata guda na irin wannan zama kafin Kirsimeti da ba wanda ya isa ya sa ni.

A wurin sojan na fara girma cikin bangaskiya, kuma ba ta hanyar wani abin nunawa ba. Na koyi addu'a, na bar caca, zafin raina ya ragu sannu a hankali, aka yi mini baftisma a wani cocin ba tare da an gwada ni da komai ba. Na riƙa zuwa gaida mahaifina. Yakan amsa gaisuwa, ya tambayi lafiyata, ya sa a kawo mini ruwa. Amma duk lokacin da na buɗe baki in ce masa amsar da na ba shi a zaure ba daidai ba ce, sai ya ɗaga hannu ya ce wannan ya wuce, kada in tayar. Na aika kawuna, mahaifina ya ce masa yaron ya faɗi gaskiyarsa tun farko, yanzu kunya ce ke sa shi canza magana. Ciwo ya kwantar da shi da damina ta zagayo, bai tashi ba.

Na yafe wa dattijon nan, don an umarce ni, kuma na sha maimaita yafewar don ba ta zauna sau ɗaya ba. Amma yafewa ba ta hana ni faɗin gaskiya. Ku shugabannin ikilisiya, sabon tuba ba kayan nuni ba ne, ba kuma wanda ake tuhuma ba ne. Almasihu ya karɓe shi kyauta, ku ba ku da ikon sa masa wani farashi. Kafin ku ce ya yi wani abu don ya nuna bangaskiya, ku tambaye shi wa ya rage masa a gida, me kuma zai rasa, sannan ku tambayi kanku ko ku za ku iya abin da kuke ɗora masa. Ku koya masa karatu tukuna. Kai kuma sabon mai bi, duk wanda ya ce cetonka bai cika ba sai ka wulaƙanta iyayenka a bainar jama'a, ka ce ya buɗe maka wurin ku karanta tare daga farko har ƙarshe. Akwai wahalar da take zuwa saboda Almasihu, wannan a ɗauke ta da haƙuri. Tawa ba ita ba ce, wani ne ya ƙirƙiro ta don ya gamsar da zarginsa.

Teburi ana sake wani, suna ma wataƙila da mahaifina ya yi tsawon rai da ya dawo. Abin da ba ni da yadda zan gyara shi ne, mutumin da ya tsaya mini a gaban dukan kasuwa ya mutu yana zaton Yesun da na bi shi ne ya ce in yi masa haka.