Akwatin Yashin Ragna

Duk wanda ya taɓa ratsa lambunan haya da ke bayan garin Odense ya san Aksel Munk, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan na fili mai lamba ashirin da bakwai, wanda yake shuka bitrut, wata jar saiwa mai ɗan zaƙi, kunya bayan kunya, amma ko yanki ɗaya ba ya kaiwa bakinsa. Sababbin zuwa kan ɗauka likita ne ya hana shi. Mu da muka daɗe a wurin mun san ba haka ba ne.

Shekara talatin da takwas Aksel ya yi yana tuƙa bas a cikin gari, kuma duk tsawon lokacin nan lambun na matarsa Ragna ne. Shi nasa haƙa ne da ɗaukar taki da gyaran shinge. Idan sanyin Janairu ya tsananta, maƙwabta kan baje littattafan masu sayar da iri a tebur su yi ta gardama: wannan mulmulalle ne, wancan rawaya, wancan kuwa in ka yanka sai ka ga zobe fari da ja. Ragna ko buɗawa ba ta yi. Tana da nata, dogo kamar karas, ja har yana neman komawa baƙi, wanda ta zo da shi daga tsibirin Langeland cikin kayan aurenta. Ba shi da suna a kowane littafi. Na Inna take ce masa.

Bodil, maƙwabciyarsu ta fili na gaba, ba ta gajiya da tsokanarta ta saman shinge. "Ke Ragna, shekara arba'in iri ɗaya? Ko miji ne ai a ɗan leƙa na wasu."

"Na Inna ya fi mijin zaƙi," in ji Ragna, "amma duka biyun na riƙe."

A ƙarshen wani Fabrairu Ragna ta rasu, bayan jinyar da ba ta kai wata guda ba. Bayan jana'iza mutane kan taru a sha kofi a ci ɗan abinci, sai Aksel ya ƙudurta ba za a yi taron matarsa babu bitrut ɗinta a kan baƙin burodi da markaɗaɗɗiyar hanta ba. Kwalaben jiƙaƙƙen bitrut da ke gida duk sun ƙare. Ya tafi rumfar lambu, inda take binne saiwoyi cikin yashi don su kai ƙarshen sanyi. Babban akwati babu komai. Amma ƙarƙashin benci ga wani ƙarami, cikinsa saiwa takwas, miƙaƙƙu, ba tabo, kowace an ɗaura mata shuɗin zare a wuya. Bai taɓa ganin masu kyansu ba. Ya ce a ransa wata babbar rana ta ajiye wa, to ga ranar ta zo.

Ya dafa, ya ɓare, ya yayyanka, ya jiƙa cikin ruwan tsami da sukari. Jan ya kama masa yatsu, sabulu ya kasa fitar da shi. Da jajayen hannuwan nan ya gaisa da duk wanda ya zo ta'aziyya.

Bodil ta gatsa sau ɗaya ta tsaya da tauna.

"Aksel, a ina ka samo wannan?"

"A ƙaramin akwatin da ke ƙarƙashin benci."

"Masu shuɗin zare?"

Ya gyaɗa kai. Ta ajiye burodin a faranti. Da kowa ya watse, suka rage su biyu suna wanke kofuna.

"Bitrut ba ya yin 'ya'ya a shekararsa ta fari," ta ce, idonta na kan ruwan wanke-wanke. "Sai an zaɓi mafi kyau an adana, a mayar da su ƙasa a Afrilu, su yi kara su yi fure. Ragna duk shekara uku take sabunta iri, bana ce shekarar. Iyayen muka cinye, Aksel."

Shekara arba'in yana wucewa ta gaban dogayen karan nan masu fure, bai taɓa tambayar daga ina suka fito ba.

Washegari da sassafe ya buɗe gwangwanin da Ragna take ajiye iri. Karas, albasa, wake, kowanne cikin takardarsa da rubutun hannunta. Takardar na Inna babu komai sai ƙura. Ya durƙusa gaban ƙaramin akwatin ya shiga tonon yashi da hannu, yashin da sanyi kamar ƙanƙara. Can a kusurwa yatsansa ya taɓa wani abu. Saiwa ta tara ce, 'yar siririya, da zarenta.

Bodil ta juya ta a tafin hannu. "Ɗaya ba ta haihuwa ita kaɗai. Sai iska ta kawo mata garin fure daga wata. Ina da mulmulallu biyu da suka rage, in ka yarda in dasa su a gindin shinge. Amma ka sani, abin da zai fito rabi ne nata."

"Dasa," ya ce.

Haka aka yi. Karan ya tashi har ƙirjinsa, ya yi fure, ya ba da iri cikin kofi guda. Abin da irin ya haifar kuwa sai ka yi dariya in ba ka san labarin ba: wasu kamar ƙwai, wasu kamar ƙwarya, wasu dogaye amma jansu ya koɗe. Tun daga nan aikin Aksel ya zama ɗaya. Kowane Oktoba yakan tuge su ya jera a kan hanya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman waɗanda suka fi tsawo da duhu. Ya ce duk sanda ya ɗauki wuƙa zai cire ganye yakan ji muryar Ragna daga ƙofar rumfa, inda takalmanta na katako suke har yau: murɗewa ake yi, tsoho, in ka yanke jininsa zai tsiyaye. Sai ya ajiye wuƙar ya murɗe.

Yakan dafa guda ɗaya ya miƙa wa Bodil yanki ta saman shinge, ita ce mai ɗanɗanawa. Shi dai rabonsa da bitrut tun ranar taron nan. Ya taɓa faɗa mata dalili sau ɗaya: na ƙarshen da ya taɓa harshensa na Ragna ne tsantsa, in ya ɗora wani a kai, ba shi da sauran abin gwadawa.

Kowace shekara amsar Bodil ɗaya ce. "Ya kusa, direba. Saura tasha ɗaya."

Bana shekara ta tara ke nan. Saiwoyin sun fito dogaye, masu duhu, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Bodil ta karɓi yankinta ta daɗe tana tauna. Aksel yana jira.

"Ba zan yi maka ƙarya ba," ta ce a hankali. "Na manta yadda nata yake. Na fi shekara biyu da mantawa. Kai kaɗai ka rage da ka sani."

Ta miƙo masa ragowar. Ya karɓa, jan ya bi layukan tafinsa kamar wancan karon. Ya kai shi kusa da hanci, ƙanshin ƙasa da ɗan zaƙi. Ya daɗe a tsaye a haka, iska tana kaɗa ƙofar rumfa a bayansa.

Sannan ya ɗora yankin a kan ginshiƙin shinge.

"Sai baɗi," ya ce.

Ya shiga rumfa ya ɗauko ƙullin shuɗin zaren Ragna, wanda yanzu bai fi girman goro ba, ya zauna a benci ya fara ɗaura wa saiwa tara a wuya.