Gabar da Yari ya manta

Yari ƙanen marigayi maigidana ne. Nan Sabiyal anka haife shi, albasa ya tashi yana nomawa, kuma ban taɓa ganin mai son tsokana irinsa ba. Wanda ya fi shan wuya a hannunsa shi ne Magaji, taubashinsa, da gonakinsu na fadama ke manne da juna.

Shekarar da anka ba mu jihar Kebbi sunka ɓata. Magaji ya ce Yari ya kautar da hanyar ruwa har albasarsa ta bushe. Yari ya ce ƙarya ne. Sunka daina gaisawa, ko a masallaci ba su haɗa kafaɗa. Na tuna musu gaba haramun ce. Magaji ya rantse sai Yari ya tako har ƙofarsa ya ba shi haƙuri. Yari ya ce to ya yi ta jira.

Ana nan zazzaɓi mai zafi ya kada Yari, da ciwon kai da surutai, anka kwashe shi zuwa asibiti. Likita ya gaya wa matarsa Murjanatu cewa wata ƙwayar cuta ce da ido bai gani ta hau ƙwaƙwalwarsa, ta kumbura ta, ta kashe wasu ƙananan jijiyoyin da ke ajiye abin da mutum ya gani ko ya ji. Tsohon hatsi yana cikin rumbu, sabo ne ba ya shiga, na saman kuma ya zube.

Haka munka gani da ya dawo. Surorinsa na salla na nan, ya san lokacin dashe, amma sai ya ci tuwo ya tambayi ina tuwo. A saninsa har yau a jihar Sakkwato muke zaune. Gabar ma ta bi ruwa.

Wata safiya sai ga shi a zauren Magaji.

"Bawana, ina kwana? Wanga tumbi naka har yanzu bai haihu ba?"

Magaji ya murtuke fuska, ya zayyana masa maganar ruwa tun daga farko. Idon Yari ya cika.

"Ni na yi maka haka? Don Allah ka yafe mani, ɗan'uwa."

Ranar Magaji har kasuwa ya kai labari. Washegari Yari ya sake zuwa da tsokanarsa, bai san an yi ba. Magaji kuwa, ɗan Adam, daɗi ya ja shi: ya sake faɗi, anka sake ba shi haƙuri. Har shaidu ya fara kira.

Abin da bai sani ba, Yari kan koma gida ya ƙi abinci, ya zauna zugum. Maganar ta fice masa, nauyinta na nan a ƙirji. Murjanatu ta yafa gyale ta iske Magaji.

"Yaya, kai sau nawa ka ji haƙuri? Shi kullum sabon baƙin ciki yake kwasowa, ga shi yana ramewa."

Da safe Yari ya shigo, ya tsaya yana duban taubashinsa.

"Na ga kamar kana fushi da ni. Mi na yi?"

Magaji ya dubi yadda ya rame. Sannan ya gyara tabarma.

"Ba ka yi komi ba. Munin fuskarka ne ban son gani da sassafe. Zauna, ga kunu, kada ka shanye mani."